Kir Periklis Zai Hau Kujerar Ofishin Kuɗi

A tsibirinmu babu wanda bai san Kir Periklis Vamvakas ba, domin ko ba ka tambaya ba, shi da kansa zai tare ka a hanya ya gaya maka ko shi wane ne. Kir a wurinmu kamar a ce Malam ne, Kira kuma Malama. Ma'aikaci ne a ofishin kuɗi na asibitinmu, ofishin da bai wuce tebur biyu da tukunyar gahawa ba. Ni kuwa sunana Anestis, ni ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, saboda haka takardar mai da ta gyaran taya duk sai sun bi ta hannunsa, kuma ban taɓa samun hatiminsa ba tare da na sha lacca ba. A faɗarsa, da tun farko shi aka bar wa lissafin ƙasar nan, da ba mu taɓa shiga matsi ba. Aikinsa na gaskiya kuwa buga hatimi ne da huda takardu.

A shekarar da nake ba ku labari, shugaban ofishin, tsoho Kir Thanasis, ya kusa ritaya. Sai umarni ya zo daga sama cewa daga yanzu ba wanda zai shugabanci ofishin kuɗi a asibitin gwamnati sai mai takardar shaidar akanta. Da yake mu mutanen tsibiri ba ma iya barin aiki mu tafi birni karatu, aka shirya wa ma'aikata karatu daga nesa. Malami yana can birnin Atina, ɗalibi yana nan gaban kwamfuta, a yi darasi da yamma bayan an tashi aiki, a ƙarshe a yi jarrabawar baka ta kyamara. Wanda ya ci ya hau kujera. In ba a samu wanda ya ci ba, su turo nasu daga birni.

Da yammacin ranar Kir Periklis ya gangaro shagon gahawa na Barba Lefteris, wato Baba Lefteris, da ke bakin tashar jiragen ruwa, inda duk namijin da ke da ra'ayi a tsibirin yake kai shi ya sauke. Ko zama bai yi ba ya sanar da mu ya yi rajista. Ya ce cin fuska ne a mayar da mutum irinsa aji, amma zai daure saboda tausayin hukuma, tunda su ba sa gane ilimi sai sun ga takarda. An ba ɗalibai shekara guda, shi kuwa kafin inabi ya nuna ya gama. Barba Lefteris ya tambaye shi ko ya taɓa ganin littafin da za a koya. Ya ce ai irin waɗannan littattafai daga bakin irinsu ake kwashe su.

Tun kafin darasin farko ya tafi wurin mai sassaƙa duwatsun kabari, wanda shi kaɗai ne ke iya rubutu a jikin dutse a garinmu, ya ce a yi masa allon farin dutse na mannawa a ƙofar ofis, da sunansa da muƙaminsa na shugaba. Tsohon ya yi aiki mai kyau, sai dai hannu ya riga ya saba. A ƙarƙashin sunan ya sassaƙa shekarar da aka haifi Periklis, ya ja ɗan layi, ya bar fili, ya ƙara da ɗan gicciye da reshen zaitun a sama.

"Wannan filin na mene ne?" in ji Periklis.

"Na ranar da za ka bar kujerar," in ji tsohon. "Ko ta wace hanya ce."

Da yake Periklis ya riga ya shaida wa gari cewa allo na zuwa, haka ya kai shi ya buga a ƙofa, ya rufe rabin ƙasan da filasta. Zafi ya ɗaga filastar kafin azahar. Kira Evdokia, shugabar ma'aikatan jinya, mace ce da ba ta taɓa barin dama ta wuce ta ba, sai ta kunna kyandir ta ajiye a ƙasan allon. Wata tsohuwa da ta zo karɓar magani ta tsaya tana share hawaye, tana cewa mutum ne mai yawan surutu amma ba shi da mugunta sosai. Tana cikin haka mamacin ya buɗe ƙofa ya fito da hatimi a hannu. Sai da aka kwantar da ita aka auna jininta.

Darasin farko a gida ya yi shi. Ya sa kwat da laktaye daga sama, daga ƙasa kuwa gajeren wando da silifa. Malamar ba ta gama gabatar da kanta ba ya katse ta, ya ce kafin a shiga cikin littafi yana da 'yan gyare-gyare da zai yi bisa abin da ya gani a fagen aiki. Ta ba shi dama sau ɗaya, ta sake ba shi, da ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai ta kashe muryarsa daga can. Shi bai sani ba. Haka ya yi ta zuba har ƙarshen darasi, yana ɗaga yatsa, yana dukan tebur. Washegari ya zo shago ya ce ajin gaba ɗaya ya yi tsit, har ita malamar ta kasa mayar masa da kalma ɗaya. Da a nan labarin zai tsaya, amma matarsa Kalliopi takan yi hira da 'yarsu da ke aure a Jamus ta wannan kwamfutar, ta san abin da 'yar jar alamar da ta fito a allon ke nufi. Ta faɗa wa mai burodi a asirce, kafin burodin ya huce gari ya ji.

Periklis ya ɗora laifin a kan bangon gidansa, ya ce dutsen yana tare hikima kafin ta isa Atina. Ya kwashi kujera da kwamfuta ya koma saman rufin asibiti, inda ake shanya zannuwan gado, wai a nan intanet ya fi ƙarfi. Kira Evdokia ta hau ta same shi, ta ce nan wurin shanya ne, kuma iskar arewa na tasowa da yamma. Ya ce mata ta koma wurin allurarta, harkar lissafi ba ta kowa ba ce. Ta ce to, ta sauka.

Iskar ba ta ba ta kunya ba. Ana tsakiyar darasi wani jiƙaƙƙen zani ya ɓalle daga igiya ya lulluɓe shi har kai. Abin da sauran ɗaliban suka gani, mutane daga tsibirai da garuruwa iri-iri, shi ne wani farin abu yana kokawa da kansa yana ashar, domin ranar an manta an bar masa murya. Ya miƙe zai kwance kansa ya yi tuntuɓe da kujera, ya cafki igiyar shanya, igiyar ta tsinke. Wankin asibiti na ranar gaba ɗaya ya tashi sama ya sauka a garken awakin maƙwabcinmu. Daren nan marasa lafiya a kan katifa tsirara suka kwana.

"Sa'ar da kuka yi ina wurin," ya ce wa Kira Evdokia. "Da ni ban riƙe igiyar ba, da har rufin ya tafi."

"Allah ya saka, Kir Periklis," in ji ta. "Gobe ka zo ka riƙe mana ginin, za mu yi wankin barguna."

Duk wannan da a wasa ya tsaya, da ba don wani darasi da ya tsinci rabinsa ba. Malamar ta koya musu cewa duk kayan aikin da asibiti ya saya, darajarsa a lissafi tana raguwa shekara bayan shekara, har a wayi gari a takarda ba shi da sauran daraja. Daidai nan Periklis ya tashi duba ko wakensa ya nuna, bai ji inda ta ce kayan suna nan ana amfani da su ba. Ya taso da wannan rabin ilimi kamar wanda ya tsinci bindiga. Kir Thanasis a lokacin yana cinye ragowar hutunsa a gonar inabi, ofis ya zama na Periklis shi kaɗai. Na shiga da takardar mai na ajiye masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya tambaye ni man na wace mota ne.

Na ce masa mota nawa muke da ita, ga ta can a gindin bishiya.

"Idonka ne ke ganinta, Anestis. Lissafi ba ya ganinta. Darajarta ta ƙare tun bara, abin da ba shi da daraja kuwa babu shi. Ba zan sa hannu a saya wa babu mai ba."

"To ni da nake tuƙa babun fa?"

"Za mu zo kanka. Darasin ma'aikata sai wata mai zuwa."

Na yi magiya, na yi faɗa, ya rungume hatiminsa. Ina shirin zuwa wurin Likita Argyris, wanda shi ne shugaban asibitin, sai ga waya daga ƙauyen kan dutse: wata tsohuwa, Kira Stamatia, ta faɗo daga tsani tana tsinkar ɓaure ta karye a kwatangwalo. Na tafi da ɗan abin da ya rage a tanki. Na ɗauko ta lafiya, muna gangarowa motar ta yi tari ta mutu a kwana, a wurin da babu gida babu inuwa. Tsohuwar nan ta kwanta a cikin zafi tana nishi tana kiran sunayen waliyyai, da suka ƙare ta koma kiran nawa da zagi. Motar mai burodi ce ta cece mu. A kan faifan burodi muka shimfiɗa ta, haka ta shigo asibiti da garin fulawa a gashinta.

Likita Argyris mutum ne marar yawan magana, amma ranar har bakin ƙofa ana jin sa. Periklis bai ko sunkuyar da kai ba. Cewa ya yi abin da ya faru ya tabbatar da maganarsa, tunda motar ba ta iso ba, ke nan babu ita. Likita ya miƙa hannu ya ce a ba shi hatimi. Ya jefa shi a aljihun farar rigarsa, ya ce Periklis ba zai sake ganinsa ba sai ranar da ya kawo takardar shaida, in kuma ya sake taɓa abin da ya shafi marar lafiya, shi da kansa zai raka shi jirgi ya bar tsibirin. Periklis ya fito ya gaya mana cewa likita ya ɗauke masa ƙananan ayyuka don ya fuskanci babban muƙami.

Inabi ya nuna, aka tsinke, aka matse, Periklis bai gama komai ba. Shekara ta zagayo, jarrabawa ta matso, littafin yana nan a ledarsa ba a ɓare ba. A nan ne ya tuna da ƙanin matarsa, Zisis mai sayar da kifi a bakin tasha. Zisis ya taɓa yin zango ɗaya a makarantar kasuwanci a birnin Piraeus kafin a sallame shi, kuma tun daga lokacin yake ɗaukar kansa akantan da teku ta sace. A fagen cika baki, in Periklis ya kwana biyu ba lafiya, shi ke riƙe masa wuri. Suka ƙulla cewa ranar jarrabawa Periklis zai cusa ɗan abin sauraro a kunne, waya tana buɗe a aljihunsa, Zisis kuma ya rufe teburin kifi ya zauna a gida da littafi. In an yi tambaya ya ji, ya duba, ya raɗa amsa, Periklis ya maimaita.

Mai hankali ko da ya yi irin wannan ƙulli, ɓoyewa zai yi. Amma abin da ya hana Periklis barci shi ne dokar da ta ce ɗalibi ya zauna shi kaɗai a ɗaki, wato gari ba zai ji yadda zai tumurmusa malaman Atina ba. Sai ya roƙi Barba Lefteris ɗakin ajiyar shagonsa, ya kawar da akwatunan lemo, ya rataya labule, ya jera littattafan aro a bayansa, har da na girki. Ya sa mai kiɗan biki ya ɓoye makirufo a ƙarƙashin tebur, ya ja waya ta ƙasan ƙofa zuwa lasifikar da aka ɗaure a bishiyar gaban shago. Ya sayi bunsuru, ya gayyaci duk wanda ya taɓa yi masa dariya, wato kowa.

Da safiyar ranar ya biya wurin Kira Evdokia ya ce ta naɗe masa kunne, yana ciwo. Ta leƙa ta ce kunnen lafiya lau yake, abin da ke tsakanin kunnuwan ne ba ta da maganinsa. Sai ya naɗe da kansa, auduga da filasta, ƙunshi kamar curin cuku a gefen kai. Ya ratsa ta cikinmu yana ɗaga hannu, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Mu kuma muka zauna a gindin bishiya, bunsuru na juyawa a kan garwashi. Kalliopi tana gaba a cikin rigarta ta zuwa coci, likita yana gefe da kofin gahawarsa.

Abin da Periklis bai sani ba shi ne, da asubar nan jiragen masunta sun shigo cike da kifin sardin, irin kamun da aka daɗe ba a gani ba. Zisis ba zai bar kifi ya ruɓe saboda suruki ba. Ya buɗe teburinsa kamar kullum, ya ɗora littafin a kan akwatin ƙanƙara, ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Daga inda muke zaune muna hango shi a ɗaya gefen tashar, mata sun yi masa layi.

Lasifika ta yi ƙara, muka ji muryar masu jarrabawa. Su biyu ne, malamar nan da wani dattijo mai magana a hankali. Suka sa shi ya juya kyamara suka ga ɗakin, suka yi masa sannu da kunne. Ya ce ciwon yawan karatu ne. Malamar ta tambaye shi bambancin abin da asibiti ya mallaka da abin da ake binsa. Can sai muryar Periklis ta fito da ƙasaita, yana jero bayani tiryan-tiryan. Gaskiya na fara jin tsoro, na ce kada dai mutumin nan ya ci. Ya rufe da cewa, "Domin ƙarin bayani a duba hoton da ke shafi na gaba." Malamar ta ce wane shafi. Ya ce salon magana ne. Wasu daga cikinmu har da tafi.

Dattijon ya tambaya yadda ake ƙiyasta darajar magungunan da suka rage a ma'aji a ƙarshen shekara.

"A danna cikinsa da yatsa," in ji Periklis. "In ya lotsa, ko idonsa ya yi fari, kada a ɗauka."

"Idon wa?" in ji dattijon.

"Na safiyar nan ne. Da hannuna na sauke shi daga jirgi."

Muka dubi juna. Kira Evdokia ce ta fara ganewa. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna ƙetaren tasha, inda Zisis ke kaɗa kifi a gaban hancin wata mata. Daga nan kallo ya koma biyu. Mu ga bakin Zisis ya motsa a can, numfashi ɗaya sai maganar ta fito daga bishiya da muryar Periklis, da irin izzar da yake buga hatimi.

Dattijon ya yi gyaran murya ya ce bari a gwada wata. Idan ɗan kwangilar da ke kawo wa asibiti kaya ya zo da takardar da ta fi abin da aka yi yarjejeniya, me ma'aikaci zai yi? Daidai lokacin muka hangi wata kyanwa ta yi tsalle ta hau teburin Zisis.

"A kore shi," in ji Periklis. "Ɓarawo ne, uwarsa ma ɓarauniya ce. A watsa masa ruwa."

Dattijon ya ce a zuciyarsa ya sha jin haka, amma ba abin da littafi ya ce ba ke nan. A waje kuwa mutane sun fara toshe baki da hula. Mai juya bunsuru ya saki ƙarfe ya durƙusa. Malamar ta tambayi Periklis ko yana jin jikinsa daidai, ko kuma akwai wani tare da shi. A can wata tsohuwa tana taya kifi da rabin kuɗinsa, Zisis ya riƙe ƙugu.

"Ke dai kullum sai kin zo da ƙorafi," in ji lasifika. "In bai yi miki ba ki ƙara gaba, tsohuwar marowaci..."

A nan ya yi burki, amma mota ta riga ta faɗa rami. Dariyar da aka yi ta dannewa ta fashe gaba ɗaya, har tsuntsayen teku suka tashi daga kan jirage. Kalliopi kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta gyara rigarta, ta ratsa tashar nan da takalmi mai tsini, kowa na kallonta. Ta isa ta fizge wayar daga kafaɗar ƙaninta ta yi magana a ciki. Abin da ta ce ba mu ji ba, amma mun ji amsar daga bishiya, da wata 'yar murya da ba mu san Periklis da ita ba.

"Ba yanzu ba, Kalliopi, ina cikin jarrabawa."

"Wace ce Kalliopi?" in ji malamar.

"Sunan wata ƙa'idar lissafi ce," in ji shi. "Tsohuwa ce, ba kowa ya san ta ba."

"Tsohuwa" ɗin nan ita ma ta fito ta lasifika, ta kuma shiga wayar da ke kunnen Kalliopi. Muka ga ta juyo. Ta taho da wayar a hannu, Zisis na biye da ita da rigar aikinsa duk ɓawon kifi, yana cewa ta ba shi wayarsa yana da ciniki. Da suka iso shago ya sha gabanta, domin shi har lokacin a ransa aiki ya yi kyau. Ya tura ƙofar ɗakin ajiya ya cusa kansa daidai gaban kyamara.

"Yaya dai, suruki, mun ci? Ta ɗan kwangilar nan ban same ta a littafi ba."

Ƙofa ta wangale. Masu jarrabawa suka ga Zisis, suka ga Kalliopi a bayansa, suka ga rabin tsibiri sun yi cincirindo suna leƙe, da hayaƙin bunsuru yana shigowa. Periklis ya ce bai san mutumin nan ba. Kalliopi ta kai hannu ta yaye ƙunshin kunnen da ƙarfi ɗaya, har da gashi, ɗan abin sauraron ya faɗo cikin kofin ruwa. Malamar ta ɗan yi rubutu, sannan ta ɗago ta tambayi sunan mai rigar kifin. Zisis ya faɗa mata da alfahari, har da sunan mahaifinsa. Ta ce ta gode, tana so ne ta sanar da su tare cewa su biyun duka sun faɗi. Allon kwamfuta ya yi baƙi.

Periklis ya fito da kunne ja wur. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce abin da muka gani hassada ce tsagwaronta, mutanen birni ba sa son ɗan tsibiri ya ɗaga kai, kuma da gangan suka zaɓo tambayoyin da ba na akanta ba. Ba wanda ya yi masa musu, domin bunsuru ya nuna, gefe ɗaya ma ya ƙone. Muka ci, muka sha, muka yi wa Kalliopi jaje. Ɗan Kira Stamatia, wadda har yau da sanda take tafiya, ya ɗauki cinya guda ya naɗe ya ce na uwarsa ne, ba wanda ya ce masa don me. Zisis ya koma ya tarar kyanwoyin tasha sun yi masa rabon gado, shi da surukinsa kuma ba su sake gaisawa ba sai a bikin Ista.

Makarantar ta haramta wa Periklis sake zama jarrabawarta. Kir Thanasis ya yi ritaya, aka turo mana wani saurayi daga birni, wanda ya sauko daga jirgi fuskarsa a yamutse saboda amai, ya hau kujera ba tare da ya yi wa kowa jawabi ba. Likita Argyris ya mayar da Periklis bakin ƙofar asibiti, inda yake miƙa wa marasa lafiya lambar layi. A nan ɗin ma ya samu abin da yake so, domin mai jiran likita ba ya iya gudu. Yana gaya musu shi ne ke kula da shige da ficen asibitin baki ɗaya.

Kwanan baya ya sake gangarowa shagon Barba Lefteris, ya ƙi zama, alamar akwai sanarwa. Ya ce ya yanke shawarar kai makarantar ƙara kotu, kuma tunda lauyoyin ƙasar nan ba su san aikinsu ba, ya yi rajistar karatun lauya daga nesa, zai tsaya wa kansa. An ba ɗalibai shekaru, shi kuwa kafin zaitun ya nuna ya gama. Likita Argyris ya kurɓi gahawarsa, ya ajiye kofin a hankali, ya ce kowa ya je coci ranar Lahadi ya kunna kyandir, mu gode wa Allah da mutumin nan bai zaɓi tiyata ba.